Kwabon Cindo

Ni gyaran agogo na gada.
Rumfata na kasuwar Garwa, daura da masu kifi,
inda ake kawo mini lokaci a mace in tashe shi.
Duba tsohon kuɗi kuwa tsintuwa ce:
gilashin da ke ganin hanjin agogo
ba ya ƙin ganin shekarar kwabo.

Ran Laraba bayan azahar
Tasalla ta dire gwangwanin madara a kan tebur,
ya yi kacau kamar tsakuwa a ƙoƙo.
Ta ce: Na kakana ne, Cindo mai fito.
Ɗakinsa muka rushe, ya faɗo daga bango.
An ce akwai mai tara su a Duwala.

Na zazzage.
Ga anini, firit kamar ɓawon kifi,
ga kwabo mai huda a cibiya,
kambi a gaba da ɗan rubutun Larabci,
a baya tauraro mai tsini shida
kamar yatsun mai shi.
Waɗannan baƙi ne, da damina suka hauro Binuwai
a jirgin da ke sauke gishiri ya ɗauki gyaɗa.
Ga na Faransi mai zakara,
ga tamma mai barewa,
sakayau kamar alkawarin ɗan kamasho.

Rabi baƙi ƙirin, rabi na walƙiya.
Ta ce: Jiya na dirje su da toka da lemon tsami
don kada su zo gabanka da dauɗa.

Wayyo Tasalla.
Da kin bar wa tsoho furfurarsa.
Mai tarawa ba ƙyalli yake saye ba,
shekaru yake saye,
ke kuma kin zubar da su a kwata.

Na ce zauna in nuna miki.
A gefe ake kama shi, kamar garwashi.
A fara da shekara.
Sai a nemi ɗan harafi ƙanƙane, sa hannun maƙerar da ta buga shi,
wani na da shi, wani babu,
nan ne wa da ƙane ke rabuwa a farashi.
Sai kambi: in duwatsunsa na ƙirguwa, bai sha hannu ba,
in ya shafe, ya yi bauta ya gaji.

Wannan na sarkin da ya ajiye sarauta ne
tun shekara ba ta zagayo ba.
Idonta ya kawo haske.
Na ce sassauta.
Mulkinsa ne gajere, kwabonsa kuwa tuli.
Duka da duka jaka uku,
in na Duwala ya tashi da fara'a, huɗu.

Saura ɗaya a gindin gwangwani.
Ba shekara, ba sarki,
tauraron ma sai da lalube.
Hudar ta miƙe kamar ƙwai, igiya ta ci ta.
Na ce wannan ko dala ba ya yi.

Ta ce: Ai ba na sayarwa ba ne, ba namu ba ne.
Canjin wani matafiyi ne.
Ya sauka a ƙetare yana sauri,
Cindo na kira, bai waiwayo ba.
Shi ne ya rataye shi a wuya,
shekara arba'in da 'yan kai,
duk baƙon da ya shiga kwalekwale
sai ya dubi fuskarsa.

Na cire gilashi daga ido.
Ban da awon da ke ɗaukar wannan.

Ta ƙirga jakunkunanta, ta roƙi zare.
Na yanko mata, ta zura, ta ƙulle a haɓar zane,
ta bi ta masu kifi ta wuce.

Na ja aljihun tebur.
Agogo goma sha ɗaya, an gyara, ba a dawo ba.
Da safe har na yi musu kuɗi a zuci.
Na ɗauko su ɗaya-ɗaya
na yi musu wani,
na mayar.