Gurbin da Ke Tafiya

Hayin kogi, Harobanda, ɗaki na bakwai,
ina gasa gilashi ɗan mitsitsi kamar farce.
Na shafa masa jan ƙarfe,
shafin da bai kai ɗaya cikin dubu na silin gashi ba,
na bar iska ta ci shi har ya yi tsatsa.
Tsatsar nake so.

Baba Nomau, kai da ka shekara talatin a Katako
kana naɗa wayar injin da ya ƙone,
kana goge tsatsa da toka da lemon tsami,
da ka ji ana biyana in yi ta da gangan
da ka yi dariya har hula ta faɗi.

Bari in gaya maka.
A kan tsatsar nake shimfiɗa ferobskait,
baƙin nan mai shan rana, mai saurin fushi,
ko numfashi ya taɓa shi sai ya koma rawaya.
In haske ya buge shi, ƙwayar lantarki ta tashi,
ta bar gurbi.
Ka san sahun Juma'a:
mutum ɗaya ya fita a gaba,
na baya ya matsa, na bayansa ya matsa,
gurbin ne ke tafiya har bakin ƙofa.
Aikin tsatsata ke nan:
ta ba gurbi hanya, ta tare ƙwayar.

Wani magani na Turai yana wannan aiki,
cokali guda ya fi albashin Seyni mai gadi,
kuma zafin Afrilu yana kashe shi.
Jan ƙarfe kuwa ɗan gida ne, ya san Yamai.

Jiya an ɗauke kuran a tsakiyar gashi.
Shekaranjiya wuta ta zarce,
ja ya koma baƙi, na zubar da goma sha biyu.
Yau, bayan la'asar,
na hau soro da na goma sha uku a tafin hannu,
na ɗana wayoyi.
Allura ta motsa.
Ba da yawa ba, Baba. Ta dai motsa.

Na duba gada, mutane na komawa gida.
Shekara huɗu tun da ka fita daga sahu,
kowa ya matsa.
Ƙaramar filayarka tana aljihuna,
da ita na matse wayar.