Akwatin Baffa Modi

A Runjin Sambo, bayan la'asar,
an ɗauke wuta, fanka ta tsaya cik.
Baffa Modi ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado:
littattafai masu kaurin tubali,
gara ta ɗanɗana gefen biyu ta bari,
wasu baƙaƙen sun juya baya kamar masu fushi da boko.

Shekara shida ya yi a Rasha yana koyon tare ruwa.
Ya dawo da takardar shaida, da tarin da bai warke ba, da waɗannan.

Ya ce, "Diba nan, Ladan, layin ga ba Rashanci ba ne.
Manyansu da Faransanci suke gaisawa,
da shi suke neman aure, da shi suke cin bashi.
Nasu harshen na bayan gida
wurin mai faskare da mai ba doki ciyawa.
Amma bari zazzaɓi ya kada ɗan sarauta tsakar dare,
ka ji da wane baki zai kira tsohuwar da ta goya shi.

Ran da masu Faransancin suka iso da bindiga,
sai ga manya suna laluben harshensu
kamar mai neman takalmi ƙofar masallacin Juma'a.
Marubutan nan su suka duƙa suka tsinto shi,
suka kakkaɓe, ba su wanke ba,
suka ce ga ƙasar, taswira zane ce kawai."

Na yi dariya da rabin baki,
ni da nake haɗiye hura in ce fura in na je Kano,
nake ɓoye mi a aljihu kamar goron sata.

Bai yi dariya ba.
Ya ce, "Daren da Innawuro za ta cika,
Hausarta ta gudu, Hillanci ya dawo.
Mu bakwai a kanta, har da mai digiri biyu,
ba wanda ya amsa.
Da safe na tare wata mai tallar nono,
na maimaita mata abin da kunnena ya riƙe:
ndiyam, ndiyam.
Ta dube ni. Ta ce, ruwa."

Shekara shida.
Ya rufe littafin a kan yatsansa.
Randa tana kusurwa, moɗa kife a bakinta,
ba wanda ya tashi a cikinmu
har aka kira magariba.