Safar Hannun Cindo

Bara, a bakin Galma, kafin assalatu,
gada ta tsaya mini kamar an ɗaure ta.
Na ɗaga bindiga, ido ya yi nasa,
yatsa ya ƙi.
Ɗari ya mayar da shi busasshen kara.
Ta kaɗa kunne, ta wuce abinta.
Duna ya juyo ya dube ni,
irin duban da kare ke yi wa maigida
in ya ba da kunya.

Shi ya sa bana, tun dawa ba ta shiga rumbu ba,
na sauka Sabon Gari, layin 'yan gwanjo.
Safar hannu ga ta nan tuli guda.
Ta ulu tana shan raɓa kamar soso,
ƙarangiya kuma ƙawarta ce.
Ta 'yan babur tana ƙara in ka dunƙule,
zomon Dakace zai ji ka tun daga nan.
Na zura wata mai kauri, ta ƙasar ƙanƙara,
hannu ya koma na ɗan dambe,
ko gidan kunamar bindiga ba ya shiga.

Kuma dukkansu biyar-biyar suke ƙirgawa.
Ni ko Cindo ne, ba sunan wasa ba,
shida Allah ya ba ni a dama.
Wanzami ya wasa aska ran suna,
kakata ta ce a bar mata abinta.
Yaron shago ya tuntsire da dariya:
"Baba, masu yin ta ba su san da zamanka ba."

Sai na bi ta Ƙofar Doka na shiga birni,
zauren Barau baduku.
Warin jima da bagaruwa ya riga shi yi mini maraba.
Bai tambayi aljihuna ba, ya ce, "Kawo hannun."
Ya kife shi a kan takardar siminti,
ya bi gefensa da gawayi.
"Dunƙule." Na dunƙule.
"Buɗe. Wanne ne mai harbin?"

"Akuya a waje," in ji shi, "ƙaya na shakkarta.
Ɗan rago a ciki, da sauran gashinsa.
Wannan yatsan kuwa fata ɗaya zan ba shi, siririya,
ka ji kunama kamar yadda kake jin bugun jininka.
In ta matse, jini ya tsaya,
sanyin daga cikinka zai taso.
In ta yi yawa, ka gina wa iska ɗaki.
Ɗinki a baya, kar ya ci maka gaɓa.
Ran da ta jiƙe, kar ka kai ta bakin wuta,
inuwa da man kaɗanya sun ishe ta."

Kwana tara na ba shi, ya ci sha ɗaya.
Da na zura, sai ya yar da allura a tabarma.
"Ɗauka."
Na ɗauka da yatsa biyu.
Ya gyaɗa kai, sannan muka yi ciniki.
Sai a hanya na lura da ɗan ɗakin na shida,
wanda bai taɓa samun masauki ba:
da jan zare ya zagaye shi,
bai ƙara mini ko sisi ba.

Jiya na koma bakin Galma,
gindin kanyar nan dai, ni da Duna.
Numfashinmu na hayaƙi, ciyawa na cizon ƙafa,
hannu kuwa kamar na ɓoye shi a hammata.
Na jira.
Fakara ta yi kira can ƙetare,
aka sallame salla a wani ƙauye,
rana ta leƙo.
Gada ba ta zo ba.

Na zauna da yatsu goma sha ɗaya masu ɗumi,
ba wanda zan ɗora wa laifi.