Jakar Mai Nutso

Tukunyar iska ta ma'aikata ce,
da lamba a jikinta: a sa hannu a ɗauka, a sa hannu a mayar.
Rigar roba ma tasu ce.
Nawa su ne 'yan tarkacen nan
da nake zazzagewa kan tabarma bayan isha'i,
Hansai na riƙe da fitila, tana taya ni ƙirga.

Ga wuƙa, tsawonta bai kai tafin hannu ba.
Maƙerin Rurum ya wasa ta,
ya yanko mata kube daga tsohuwar taya.
A ƙwauri nake ɗaure ta.
Ran da mamarin wani ya naɗe ni a gaba bakwai,
ƙugiya a kafaɗa, ƙugiya a gwiwa,
ba ƙarfi ne ya fisshe ni ba.
Ita ce, sannu, zare bayan zare,
ina jin numfashina kamar na wani mutum daban.

Ga tabarau. Kafin in sa sai na tofa masa yawu,
in murza da yatsa, in ɗauraye, don kada ya yi hazo.
Yaran bakin gaɓa suna cewa tofi nake yi.
Ban taɓa musa musu ba.

Cikin gwangwanin man zafi
akwai zoben roba uku, baƙaƙe,
ko ƙaramin yatsan Hansai da ƙyar yake shiga.
Kuɗin ƙosai ne kuɗinsu.
Amma bari ɗaya ya tsage a bakin tukunya,
ka ji huci kamar kububuwa ta shigo kwalekwale,
aikin ranar ya tashi,
mu koma gida jiki a bushe.

Dalmar ɗamarata daga mataccen batirin mota aka narko ta.
Usur ɗin nan na wani alƙalin wasa ne da gwiwa ta ci amanarsa.
Agogon iska kuwa ba ya fara'a, ba ya ƙarya:
allura ta taɓa ja, ko zinariya ka hango, sai sama.
Sallau, da ya koya mini, yakan ce
ruwa ba ya gaba da kowa,
mantuwa kawai yake hukuntawa.

Tocila da ɗan farin allon nan
su nake ajiyewa a ƙarshe.

Iya Kande ta taɓa ce mini, tun idonta na gani:
"In ka sauka, duba mini.
Gidanmu na gabas da tsamiya,
kafin a tare kogi, kafin a kwashe mu a akori-kura."
Na ce, Iya, can ƙasa babu gabas babu yamma,
laka ce, sai duhu mai kaurin kunu.

Bara da bazara, Tiga ta ja baya,
muka je ciro injin jirgin da ya kife.
Tocila ta faɗa kan kututture.
A gindinsa dutsen niƙa, cikinsa ya lotsa,
tarwaɗa kwance a ciki kamar gadon ubanta.
Na shafa. Santsin nan ba na ruwa ba ne,
na hannu ne, na gero, na asubahi dubu.
Allura na matsowa ja.
Na zaro fensir na rubuta:
kututture, dutse, gaba tara.
Na hau sannu ina bin ƙananan kumfa, ban wuce su ba.

Ban ce nata ne ba.
Gida nawa ne a ƙarƙashin ruwan nan?
Na dai miƙa mata allon,
ta bi shi da yatsu, ta kai hanci,
ta ce, "Gefe guda a gutsure yake?"

Na yi shiru.
Ban duba ba.

Shi ya sa har yau ban goge rubutun ba.
Hansai, miƙo sabon batir.
Gobe Talata, akwai nutso.