Rami na Huɗu

Bis shida na sayo a kasuwar Dole,
na kankare, shuɗɗa, masu kaifin zare,
dala ashirin-ashirin, mai shago ya ƙi ragi.
Ƙarfen dafawa kuwa Barmu mai walda ya lanƙwasa,
kamu biyar, daga ƙofar ɗaki zuwa bakin bayi.

Tun da hawan jini ya kayar da Baba
hannunsa na hagu ya zama baƙo a jikinsa.
Da kafaɗa yake bin bango,
har rigunansa duk sun ci farar ƙasa a gefe guda.

Kuran bai dawo Garin Malam ba sai bayan azahar.
Na ɗora nibo, ƙwayar ta tsaya tsakiya,
na diga alama shida da fensir.
Yana zaune a inuwar dalbejiya,
magini na shekara arba'in,
yana ba da umarni da rabin baki:
«Kar ka huda a kan haɗi.
Bar yatsa uku daga gefen bulo.
Rami ya fi bis zurfi kaɗan,
kuma ka hure garin kafin ka ɗaura,
in ba haka ba gari za ta ciza, ba bango ba.»

Na fari ya kama. Na biyu ya kama.
Na uku har ƙara ya yi,
irin kukan sabon takalmi,
na ji turnabis yana gardama a tafina.

Na huɗu fa?
Bakin injin ya faɗa kamar cikin tuwon jiya.
Jan rairayi ya tsiyayo mini a kan ƙafa.
Na sa bis, ta juya, ta juya, ta juya,
kamar alkawarin mai cin bashi.

Na ce, «Wane marar tsoron Allah ya buga wannan bulo?»

Inna Cima ta daina tsintar shinkafa.
Wata akuya ta yi tari a bayan katanga.

«Ni ne,» in ji shi.

«Buhu ɗaya bulo talatin da biyar yake haihuwa.
Ni saba'in na matsa masa.
Shekarar da sanƙarau ya sandare maka wuya,
buhu biyu na tanada don wannan layi.
Ɗaya yana nan.
Ɗayan allura ya zama, kwana tara a gidan likita.»

Na tsaya da injin a hannu,
ni da aka yi da simintin da babu a nan.

«Miƙo guduma,» ya ce. «Ɗaga ni.»
Na riƙe ƙugunsa, ba nauyi, kamar damin kara.
Da ƙotar ya bi bangon, kunne a manne:
buf, buf, buf,
sannan ƙwas.
«Nan ginshiƙi ne. Kankare zalla.
Tun kana da lafiya na zuba shi.»

Taƙi guda muka matsa.
Barmu ya dawo ya ƙara huji a ƙarfen, yana ƙunƙuni.
Kankaren ya cinye mini bakin huji ɗaya,
ya yi ja, ya yi hayaƙi, kafin ya ba da hanya.
Amma bis ta shiga ta zauna
kamar dutsen Birni.

Da la'asar Baba ya kama ƙarfen da dama,
ya sake masa dukan nauyinsa,
ya jijjiga, don halin magini ba ya tsufa.
Ya tafi bayi shi kaɗai. Ya dawo shi kaɗai.

Ramin na huɗu yana nan.
Sau biyu na kwaɓa siminti don in toshe,
sau biyu ya bushe a kwano.
Makon jiya zanzaro ya gano shi,
yana ta jigilar laka daga gindin randa.
Baba ya daɗe yana kallonsa,
sannan ya ce,
«Wannan yaron ba ya ha'inci a kwaɓi.»