Matakalar Evaristo

A Valparaíso gidaje kan hau dutse kamar awaki,
wannan shuɗi, wancan rawaya, wani ja.
Nawa yana can ƙasa, daf da tashar jiragen ruwa,
inda na shekara talatin ina saɓa buhu
har ƙirjina ya ce ya gaji.

Likita ta ce, "Evaristo, ka riƙa tafiya."
Na ce, zuwa ina?
Ta nuna taga da biro.
Matakala ce siririya, ɗari da arba'in da bakwai,
tana hawa har ta ɓuya bayan rufin kwano.

Ranar farko na taka tara.
Na zauna ina haki kamar tsohon kare,
kyanwar maƙwabta tana kallona, ko tausayi babu.
Na zagi likita, na zagi dutsen,
na lallaɓa gida.

Kashegari na taka goma.
Kada a ce jarumta ce:
kunyar kyanwar nan nake ji.

Sai na sa alli a aljihu.
Inda numfashi ya ƙare, nan nake jan layi,
gobe in wuce shi da taki ɗaya, ɗaya tak.
Tun dare nake ajiye takalmi a bakin ƙofa,
hancinsa yana duban waje,
don kada asuba ta same ni ina shawara da gado.
Gado lauya ne, bai taɓa faɗuwa shari'a ba.

A ta talatin na daina ƙirga saura.
Mai kallon ƙololuwa gwiwarsa ke sanyi.
Ƙafa ba ta san ɗari ba,
ɗaya ta sani.

A ta hamsin da biyu ruwan Yuli ya sauko,
kwana shida, da iskar teku mai shiga ƙashi,
ya wanke allina tas.
Na yi zuciya, na sayo sigari,
na zuƙi uku a bayan ƙofa kamar ɓarawo.
Mako biyu takalmin yana jira, ban dube shi ba.
Da na koma, a ta ashirin na tsaya,
na ja sabon layi, hannu yana rawa.
Na so in yi kuka, sai na tuna:
ashirin ai ba tara ba ce.
Ruwa ya tafi da alli,
cinyoyi sun riƙe wani abu.

A ta saba'in Herminia take, da kwandon burodi.
Shekaru muna unguwa ɗaya ban taɓa gaishe ta ba,
ni da yara ke sauya hanya in sun hango ni.
Haki ne ya tsayar da ni a ƙofarta,
na rasa abin yi da bakina, na ce ina kwana.
Ta ɗaga gira, ta ci gaba da ƙirga canji.
Kashegari na sake.
Ran na huɗu ta amsa.
Ashe gaisuwa ma hawa ce.
Yanzu ni ke hauro mata da yisti da gishiri.

Jikana Anselmo ya ce, "Kaka, mene ne sirrin?"
Na juye masa aljihu:
guntun alli, ɓawon lemo, makulli.
Ya yi tsaki, ya ɗauka rowa nake yi.

Wata Talata na kai sama.
Na zaci zan tarar da wani abu.
Benci ne mai ƙafa uku, da shanyar wani,
wando biyu suna rawa a igiya.
Can ƙasa teku, da injinan ɗaga kaya
da suka cinye ƙuruciyata,
ƙanana kamar tsinken ashana.
Na zauna har gumi ya bushe.
Ban ja layi ba.

Da dare na wanke kofi, na kashe fitila,
na juya takalmi ya dubi waje.
Matakalar farko ba ta san na kai sama ba.
Gobe ma daga ita zan fara.