Kaset ɗin Sunan Mamuda

Daga ƙarƙashin gado na zaro shi,
funfuna ta ci bakin zaren.
An rubuta da biro: Tudun Jukun, casa'in da huɗu.

Na kai wa Ilu a Sabon Gari,
bayan layin masu gyaran rediyo.
Ya goge kan na'ura da auduga da sifirit,
ya ce, "Awa shida ne, faifai ɗaya zai ɗauke."
Na ce a yi uku.
Ba a danna ƙwai a buhu.

Hoto ya fito yana makyarkyata,
farin yayyafi a kan fuskoki.
Ga Inna Dije bakin murhu
tana korar mai kyamara da muciya.

Ilu ya taɓa wani abu, yayyafin ya ɗauke,
fuskarta ta yi sumul kamar tangaran.
Tsagen kumatunta, babu ko ɗaya.

Na riƙe hannunsa.
Mayar da yayyafin, Ilu.
Da tsagen nan na gane ta
ran da na ɓace a kasuwar Tudun Wada.

Yanzu in faifan ya juya
ana ruwa a tsakar gidanmu,
Inna tana tuƙi,
ba wanda ya jiƙe.